Guntun Ƙarfen Baba Faifai

Biyu da minti goma na rana Darakta ya dawo daga cin abinci, ya buɗe ƙofar sutudiyo, ya tarar an yi wa ɗakin kaca-kaca. An watsar da takardu, an kifar da kujeru uku, an ɓalle kwaɗon ƙofar baya. Kabad ɗin da ke kusurwa yana buɗe, an lanƙwasa bakinsa da ƙarfin tsiya. A ciki akwai gilasan kyamara biyu masu ɗan karen tsada, ko taɓa su ba a yi ba. Abu ɗaya aka ɗauka: wani guntun ƙarfe da bai wuce tafin hannu ba, naɗe cikin tsohon hankici.

Kafin Darakta ya kira 'yan sanda, sai da ya zagaye ɗakin yana ɗaukar ɓarnar da wayarsa, yana bayani cikin raɗa kamar wanda ake farauta. Da Sufeto ya iso bayan rabin awa, har lokacin wayar na hannunsa, ya kuwa saita ta a fuskar Sufeto.

"Sauke wannan abin," in ji Sufeto.

"Don tarihi ne, Yallaɓai."

"Tarihi ya jira a waje. Me aka sata?"

Shekarar Sufeto ashirin da huɗu a aikin ɗan sanda. Mutum ne mai jiki da sanyin tafiya, idan ya shiga ɗaki sai ya gama kallon ƙasa kafin ya kalli masu ɗakin. Yana kallon ƙasan Darakta ya yi masa bayani. Wata takwas ke nan suna shirya fim na labarin gaskiya a kan abubuwan da mutane ke cewa sun gani suna shawagi a sama, waɗanda ba jirgi ba ne ba kuma tsuntsu ba, da kuma wani ofishin sirri da ake zargin gwamnati ta kafa don ɓoye shaidarsu. Guntun ƙarfen na wani dattijo ne da ya ce daga irin wannan abu ya faɗo. Gobe da goma na safe za a kai shi ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, a auna shi a gaban kyamara.

"Wa kake zargi?"

"Gwamnati."

"Wace gwamnati?"

"Wadda kake yi wa aiki, Yallaɓai. Amma ba irin sashenku ba. Duba fa, kyamara ga ta nan a tsaye, gilasai ga su nan. Wane ɓarawo ne zai bar waɗannan ya ɗauki ƙarfe?"

Sufeto ya tuna fankar ofishinsa da ta mutu wata huɗu, an rubuta takarda uku a kanta ba amsa. Idan gwamnati na da sashen da ke fita aiki da tsakar rana ya gama cikin awa ɗaya da rabi, shi dai bai taɓa haɗuwa da su ba. Bai faɗi haka ba. Ya tambayi mutum nawa ke aiki a wurin. Uku ne: Darakta, da mai kyamara da ake kira Dogo, da wata mata mai ɗaukar sauti. Sha biyu da rabi suka tsayar da hira da dattijon, aka kulle, kowa ya fita.

Dattijon yana zaune a kan benci a baranda, hannuwansa a kan gwiwoyinsa. Ya haura saba'in, rigarsa a goge, akwai biro a aljihun gaba. Sufeto ya gaishe shi, ya zauna kusa da shi.

"Baba, ƙarfen naka ne?"

"Nawa ne. Shekara talatin da ɗaya."

Ya ba da labarin a tsare, kamar mai karanta rahoto. A da ma'aikacin tashar auna yanayi ne a bayan gari. Aikinsa kowace awa uku ya fita ya duba ma'aunai, ya kalli sama, ya rubuta abin da ya gani a babban littafi. Wata rana gab da faɗuwar rana ya ga wani abu kewayayye mai sheƙi, kamar faifai, ya gifta ba ƙara. Wani abu ya ɓalle daga jikinsa ya faɗo bayan shinge. Da ya ɗauka akwai sauran ɗumi. Ya rubuta a littafin, da lokacin da komai. Shugabansa ya ce ya sake rubuta shafin, ya ƙi. Ba a yi wata biyu ba aka sallame shi, aka ce kansa ya taɓu.

"Tun daga lokacin unguwa ke kirana Baba Faifai. Wasu ma ba su san ina da wani suna ba."

"Ba ka taɓa kai shi an auna ba?"

"Na kai wurare huɗu. Da na fara bayani sai su fara kallon juna. Wannan yaron, Darakta, shi ya fara cewa zai kai ni inda za a auna." Ya juyo ya kalli Sufeto. "Ɗana, ni ba kuɗi nake nema ba. So nake kafin in mutu wani mai ilimi ya ɗora shi a kan ma'auni ya faɗa mini mene ne. Idan ya ɓace, bakina kawai ya rage, kuma bakina ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai."

Sufeto ya ji tausayinsa ƙwarai, amma ya ci gaba da aikinsa.

"Yaushe rabonka da ganinsa?"

"Jiya, da aka fito da shi don ɗauka. Sati uku ke nan da na ba shi ajiya. Na ga kamar an goge masa gefe ɗaya, wurin ya yi fari. Na yi magana, ya ce hasken fitila ne."

"Tsakanin sha biyu da rabi zuwa biyu kana ina?"

"Tare muke da Darakta. Ya kai ni gidan abinci a motarsa, ya dawo da ni. Ko banɗaki bai tashi ya je ba."

Sufeto ya koma ciki ya kira Dogo. Dogo ya ci sunansa, sai ya sunkuya yake shiga ƙofa, kuma yana da fuskar mutumin da barci bai taɓa isarsa ba. A tsakiyar ɗakin akwai kujerar hira, da ɗan tebur mai kofin ruwa rabi, da fitila mai tsayi, da baƙin labule a baya. A ƙasa an lilliƙa salatif fari a daidai ƙafafun kujerar da na teburin.

"Wannan na mene ne?"

"Alama ce, Yallaɓai. Hirar rabi muka yi. Idan abu ya gusa ko da ɗan yatsa ne, in an zo haɗa fim sai ka ga kujera ta yi tsalle, ruwan kofi ya ƙaru da kansa. Shi ya sa in muka tashi ba mai taɓa komai."

"Kunna mini kyamarar."

Dogo ya kunna. Sufeto ya leƙa ɗan allon. A ciki ɗakin tsaf yake, kujera a kan alamarta, kofi a inda yake, ko takarda ɗaya babu. Ya ɗaga kai ya kalli ɗakin da idonsa, ya sake leƙawa. Ya taka zuwa takardar da ta fi kusa da kujerar ya tsaya a kanta.

"Kana ganina?"

"A'a."

Ya matsa taku ɗaya zuwa ciki.

"Yanzu na ga kafaɗarka."

Haka ya yi a ɓangaren hagu, ya yi a dama. Ko'ina labarin ɗaya ne. Ya je wurin kabad. A samansa akwai wata doguwar waya baƙa, an naɗe ta zagaye-zagaye, kowane zobe daidai da ɗan'uwansa, an ɗaure bakin.

"Wannan fa?"

"Wayar babban makirfo ce. Ikon Allah. Ai a shimfiɗe muka bar ta, ta gaban kabad ɗin nan ta bi har teburin sauti. In ba a janye ta ba ƙofar kabad ba za ta buɗu ba."

Sufeto ya ɗauko wata wayar da ke yashe a ƙasa ya miƙa masa. "Tattara wannan kada wani ya faɗi."

Dogo ya riƙe bakinta a tafin hannu, ya shiga naɗe ta a gwiwar hannunsa da sauri, yana waiwayen ƙofa.

"Wa kake tsoro?"

"Anti mai sauti. In ta ga mutum yana naɗe waya haka, ranar sai ya gwammace kiɗa da karatu. Wai yana karya zaren ciki. Ta koya mini nata salon ya fi sau goma, zobe ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, hannuna ya ƙi ɗauka."

A jikin bango an manna jadawalin aiki. Sufeto ya karanta na gobe. An rubuta: Jami'a, goma na safe, kyamara a kan fuskar Baba, kusa sosai, kada a kauce.

"Malamin da zai karanta sakamakon fa, ba za a ɗauke shi ba?"

"Oga ya ce muryarsa ta isa. Fuskar Baba yake so."

"Kai ina ka je da rana?"

Dogo ya sosa ƙeya. "Gaskiya ban je ko'ina ba. A bencin maigadi na kwanta."

Maigadin ya tabbatar, har da ƙorafi. Ya ce tun da aka kulle sutudiyo, Dogo ya miƙe masa a benci yana minshari, shi kuwa a kan bokiti ya ci abincinsa. Ƙofar baya ta wani lungu take fita, daga inda yake ba ya ganinta. Amma wajen ɗaya da kwata wata mata ta zo sanye da kayan asibiti, ta ce ita 'yar dattijon ce, ta ce sai ta shiga. Ya ce mata ba kowa. Ta ce in Allah ya yarda fim ɗin nan ba zai fito ba, ta juya.

Ba a sha wahalar nemanta ba, don ana cikin maganar ta dawo. Malamar jinya ce, shekarunta za su kai arba'in, kuma tun daga ƙofa ta fara faɗa.

"Ke ce kika ce fim ɗin ba zai fito ba?"

"Ni ce, kuma yanzu ma na sake faɗa. Yallaɓai, ina 'yar shekara tara aka fara nuna ni da baki a makaranta. Yanzu abin ya lafa, jikokinsa na zuwa makaranta lafiya, sai wani ya zo zai saka shi a gaban duniya."

"Kin san inda ake ajiye ƙarfen?"

"Ban sani ba. Da na sani da tuni yana cikin rijiya."

"Shigo ciki mu yi magana, Sista. Kawo mahaifinki, rana ta iso bencin."

Ta riƙo hannun Baba suka shigo. Ta duba ta ga duk kujerun a kife, ban da guda ɗaya. Kai tsaye ta nufi kujerar hira, ta jawo ta har bakin taga inda iska ke shigowa, ta zaunar da shi, ta ɗauko kofin ruwan ta miƙa masa. Dogo ya dafe kai da hannu biyu. Darakta ya miƙa hannu kamar zai tare ta. Mai sautin, wadda ta shigo bayansu ta tsaya jikin bango, ta runtse ido.

"Lafiya?" in ji Sista. "Kujerar ta wani sarki ce?"

"Zauna abinki," in ji Sufeto. "Na gama da ke."

Ya ja Darakta zuwa ɗan ofishinsa ya rufe ƙofa. Tun farko Darakta ne Sufeto ya fi zargi, don faɗuwa ta zo masa daidai da zama. Fim a kan gwamnatin da ke ɓoye shaida, sai ga shaida ta ɓace saura kwana ɗaya a auna ta. Amma jadawalin bangon nan ya tsaya wa Sufeto a rai.

"Me ya sa gobe fuskar Baba kawai za a ɗauka?"

"Salon aiki ne, Yallaɓai. Motsin rai a fuska yake."

"Wane motsin rai? Murna ko kuka?"

"Duk wanda ya zo."

"Idan malamin jami'a ya ce wannan ƙarfe ba na duniyar nan ba ne, fuskar wa mutane za su so gani? Ta malamin. Kai ka ce kada a ɗauke shi. Wa ya goge gefen ƙarfen?"

Darakta ya gyara zama. "Ban gane ba."

"Ka gane. Zan iya tafiya jami'ar yanzu in tambaya ko wani ya kai musu garin ƙarfe cikin sati ukun nan. Man mota kawai zan ɓata."

Darakta ya kife wayarsa a kan tebur, ya amsa laifinsa. Shi ya goge da zarto, kwana biyu bayan an ba shi ajiya. Ya kai wa malamin, sakamako ya fito tun makon jiya, takardar na cikin motarsa. Na gobe maimaici ne don kyamara.

"Baba ya sani?"

"In ya sani ai fuskar ba za ta ba da abin da ake so ba. Yallaɓai, ka fahimce ni. Fim ɗin yana buƙatar ƙarshe. Mutumin da ya riƙe abu shekara talatin, a daƙiƙar da ya ji gaskiya, wannan shi ne fim ɗin. Ni satar nan cutata ta yi. Labarin gwamnati kowa na yinsa, fuskar nan kuwa ni kaɗai zan samu."

"Amma kai ne ka tare ni da gwamnati."

"Da babu gara ba daɗi."

"Ban da kai da malamin, wa ya san sakamakon?"

"Ba kowa. Yau da safe ma da ya kira ni a kan shirin gobe, fita na yi har bakin titi."

"Kafin ya kira me kake yi?"

"Baba bai iso ba, sai na zauna a kujerarsa ana gwada sauti."

"Da makirfo a jikinka?"

"Ɗan ƙaramin nan da ake maƙalawa a wuyan riga." Ya kai hannu wuyansa, ya tsaya cak.

Sufeto ya tashi. Bai ga abin so a mutumin ba, amma rashin kirki daban, sata daban.

Ya tara kowa a babban ɗakin. Mai sautin mace ce siririya mai magana ƙasa-ƙasa, shekararta goma sha shida a sana'ar. Jakarta ta aiki na rataye a kafaɗarta.

"Malama, da rana kina ina?"

"A motata na ci abinci. Na ajiye ta a inuwa, a titin baya."

"Wani ya gan ki?"

"Ban lura ba."

"Kin ga wani ya shiga lungun?"

"A'a."

Sufeto ya gyaɗa kai kamar ya gamsu. Ya ɗauko wayar da ke saman kabad, ya kwance ɗaurin, ya zubar da ita a ƙasa.

"Yi haƙuri, na ɓata miki kaya. Naɗe abinki, kun kusa tafiya."

Ta kalli wayar, ta kalli saman kabad. Ta sunkuya ta ɗauki bakinta, ta lanƙwasa hannu, ta fara naɗe ta a gwiwar hannu. Ta yi zagaye uku, fuskarta kamar mai shan magani mai ɗaci.

"Anti," in ji Dogo a hankali, "yau kuma?"

Hannunta ya tsaya.

"Ajiye," in ji Sufeto. "Bari in faɗa muku yadda abin yake, in na yi kuskure a gyara mini. Wanda ya shigo ɗakin nan ya so a ce baƙo ne. Ya ɓalle kwaɗo, ya kifar da kujeru, ya watsa takardu. To amma duk ɓarnar ta tsaya daidai inda idon kyamara ya ƙare, hagu da dama, kamar an ja layi. Baƙo bai san wannan layin ba. Kun ga Sista, da shigowarta kujerar nan ta fara ja. Ɓarawon titi ma haka zai yi, ma'aikacin gwamnati kuwa, in dai irin waɗanda na sani ne, har ruwan kofin sai ya shanye. Wanda ya kasa ɓata hirar da aka yi rabi, ɗan gida ne. 'Yan gida uku ne. Ɗaya na gidan abinci da Baba, kuma ya fi kowa buƙatar ƙarfen ya kai gobe. Ɗaya na minshari a bencin maigadi. Saura ɗaya."

Sufeto ya nuna wayar da ke hannunta.

"Sai wayar nan. Tana tare ƙofar kabad. Mai sauri zai fizge ta ne ko ya ture da ƙafa. Wannan ya cire ta, ya naɗe ta zobe-zobe, ya ɗaure, ya ɗora a sama don kada ƙofa ta datse ta. Ina jin bai ma san ya yi ba, hali zanen dutse. Da yanzu kin naɗe ta yadda kika saba, Malama, da sai in ce wataƙila akwai wani mai irin hannunki. Amma kika yi abin da kike yi wa mutane faɗa a kansa. Mai gaskiya ba ya ɓoye hannunsa."

Ta sauke wayar a hankali. Ta buɗe jakarta, ta ciro wata rigar makirfo mai gashi, irin wadda ake sa masa don iska, ta zura hannu ta fito da hankicin. Ba ta ba Sufeto ba, gaban Baba ta je ta durƙusa ta ajiye a cinyarsa.

"Da abin kwance taya na ɓalle kwaɗon," in ji ta. "Yana cikin motata."

"Me ya sa?"

"Da safe Oga ya fita da makirfo a wuyansa, ni kuma abin ji na kunnena. Na ji shi da malamin jami'a. Ya riga ya san sakamakon. Na ji yana cewa malamin ya ja maganar, kada ya faɗa da wuri, a bar tsohon ya sa rai tukuna." Ta juya wurin dattijon. "Baba, su fuskarka suke gani. Ni sati uku numfashinka nake ji a kunnena. Na san yadda muryarka ke rawa duk lokacin da ka ce gobe. Na ce in ƙarfen ya ɓace, za a ce gwamnati ce ta ɗauke, ka ci gaba da zama da abinka a zuciya, ba wanda zai yi maka dariya a talabijin."

Sista ta miƙe za ta yi kan Darakta, mahaifinta ya riƙe mata hannu. Ya warware hankicin, ya shafa gefen da aka goge da babban yatsa.

"Wato an auna."

Ya ɗago kai ya kalli Sufeto.

"Tun yaushe?"

"Makon jiya, Baba," in ji Sufeto.

Dattijon ya kalli Darakta, sannan ya kalli matar da ke durƙushe a gabansa.

"Shi ya sani, ya ɓoye mini mako guda don fim ɗinsa. Ke kin sani, kika so ki ɓoye mini har in mutu don tausayi. Na gode da tausayin, 'yata, amma ku biyun ba wanda ya ɗauke ni mai hankali. An kore ni daga aiki don na ƙi canza abin da aka rubuta. Kina ganin zan ji tsoron takarda?"

Ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba.

"A kawo takardar," in ji shi. "Kai, mai tsawo, rufe idon abin nan."

Dogo ya kashe kyamarar ya sa mata murfi, bai ko kalli ogansa ba. Darakta ya je mota ya dawo da ambulan. Baba ya ce ba shi zai karanta ba, Sufeto ne.

Sufeto ya buɗe. Layi shida ne kawai. Ya so a ce wani ne ke riƙe da ita.

"Ta ce alminiyam ne da ɗan gaurayen tagulla, Baba. Irin wanda ake ƙera jikin jirgin sama da shi. Aikin masana'anta ne."

"Na mutane."

"Na mutane."

"Ta faɗi daga ina ya faɗo?"

"Ba ta faɗa ba."

"Ta ce ban ga abin da na gani ba?"

"Wannan ma ba ta faɗa ba. Ƙarfen kawai aka auna."

Baba ya daɗe yana kallon tagar. Ya gyaɗa kai sau biyu, ya naɗe ƙarfen cikin hankicinsa ya sa a aljihu.

"To. An auna."

Sufeto ya tambaye shi ko yana ƙarar wadda ta ɗauki kayansa. Ya ce ba ya ƙarar kowa, kuma ba ya son a sa fuskarsa ko muryarsa a kowane fim. Darakta ya fara maganar kwaɗonsa da kabad ɗinsa da wata takwas na aiki. Sufeto ya ce yana da damar shigar da ƙara, sai dai a takarda ɗaya za a rubuta da ta wanda ya sa zarto a kayan amana ba da izinin mai shi ba. Darakta ya ce zai yi tunani. Mai sautin ta ce ita za ta gyara abin da ta ɓalle.

Sista ta taimaka wa mahaifinta ya miƙe. Da ya shigo da ƙafarsa ya shigo, yanzu kuwa sai da ya dafa kafaɗarta. A bakin ƙofa ya tsaya ya yi wa Sufeto godiya, ya ce aikinsa ya yi kyau, Allah ya yi masa albarka. Suka fita a hankali, tana gyara masa wuyan riga.

Sufeto ya ciro littafinsa ya rubuta: An gano kayan, an mayar wa mai shi, biyar saura kwata. Cikin shekara ashirin da huɗu ya mayar wa mutane babura, da wayoyi, da awaki. Bai taɓa mayar wa mutum kayansa ya ji kamar shi ne ya yi masa satar ba sai ranar.